Layin Gwaggo, Yatsan Sabitu

A watan nan Sabitu ke cika shekara bakwai a ƙasa. Sai da na sake lissafi kafin na yarda, domin har yau in na sauka a tashar Kazaure ƙafata kan nufi rumfarsa, sai na hango buhunan taki a jibge in tuna wani ne a wurin yanzu. Sabitu taubashina ne, ɗan Gwaggo Talatu ƙanwar mahaifina, kuma tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da tsokana ba. Ni malamin firamare ne a Gwiwa, shi kuwa gidan gem ya buɗe, ya haɗa da cajin waya. Yakan ce ni ina koya wa yara abin da za su manta, shi yana koya musu abin da ko a mafarki suna yi. Ni kuma ina kiransa ɓata-gari mai janareta. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya tafi da shi, a ɗakin mahaifiyarsa a wani ƙauye da ke ƙasar Roni, aka sallace shi kafin La'asar. Allah Ya jiƙansa.

Gidan gem ɗin ba wani gida ba ne. Rumfar kwano ce da talabijin biyu da benci, sai janareta mai tari kamar tsohon da ya kwana a sanyi. Yara na layi su buga ƙwallo a allo, wanda aka ci ya tashi. Iyaye sun yi ta zaginsa, har liman ya taɓa sako shi cikin huɗuba, bai dai kama suna ba. Amma Sabitu na da dokokinsa. Da an kira salla zai kashe janareta ko da ana tsakiyar fenariti, kuma yaro da kayan makaranta ba ya zama masa a benci. Uban da ya nemi ɗansa ya rasa ya san inda zai zo ya kama kunnensa.

Yau babu wannan benci. Gem ya koma cikin waya, wayar ta koma cikin bargo. Ɗalibaina na aji shida suna wasa da mutanen da ba su taɓa gani ba, wasu kuma daga wasan sun zarce caca. A rediyo ana ta musu: wasu na cewa a toshe, wasu na cewa a sa dokar shekaru, wasu na cewa tarbiyya aikin iyaye ne ba na hukuma ba. Nakan so in ji ta bakin Sabitu. Na san dariya zai fara yi, ya ce ai ga shi an rabu da mai janareta, sai a je a kama kunnen wayar. Amma ba wannan ce ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Lokacin da aka fara cewa kowane layin waya sai an yi masa rajista da hoto da dangwala yatsa, mutanenmu na karkara suka ga abin da nisa. Tsohuwa ba za ta hau acaɓa zuwa gari don a ɗauki hotonta ba. Matar aure ba ta fita haka kawai. Makiyayi ba zai bar shanu ya wuni a layi ba. Sai aka yi abin da aka saba yi a kowace hidima, aka wakilta wanda ke cikin gari. Yadda ake ba mutum saƙon gishiri da kanwa ranar kasuwa, haka aka riƙa ba Sabitu saƙon layi. Ya je ya zauna gaban na'ura, a ɗauki fuskarsa, ya dangwala yatsansa, ya naɗe layin a takarda ya bayar a kai ƙauye. Ba wanda ya ga laifi a ciki, har da ni mai ilimin boko, domin layin matata ma da yatsansa aka yi shi. Wa zai yi tunanin cewa aiken da aka yi don zumunci zai zama ƙulli?

Cikin waɗannan layuka akwai na Gwaggo. Shi ya zauna ya zaɓa mata lamba mai sauƙin haddacewa, ya saya mata ƙaramar waya mai fitila, ya koya mata koren maɓalli da ja. Da ƙaninsa Haladu ya tashi tafiya ci-rani, ya bi ta Babura ya tsallaka, lambar nan kaɗai ya tafi da ita a ka. Haladu ba ya riƙe waya. Yakan ari ta wani ya kira, yau daga Damagaram, gobe daga Agadas, daga baya kuma daga wuraren da shi kansa ba ya iya faɗin sunansu daidai. In muka bi lambar da ya kira da ita, sai mu tarar mai ita ya yi gaba ko ba ya jin Hausa. Hanya ɗaya ce tsakaninmu da shi, kuma daga can take tasowa.

Bayan rasuwar Sabitu da 'yan watanni Haladu ya kira. Ina zaune a tsakar gidan ranar, na zo gaishe ta. Suka gaisa, ya tambayi damina, ya tambayi awaki, sannan ya ce a ba shi yayansa. Na ga Gwaggo ta dubi ƙasa. A wurinmu ba a jefa wa matafiyi labarin mutuwa ta waya, yana ƙasar da ba shi da mai riƙe masa kafaɗa. Ana jira ya dawo, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, sannan wani babba ya yi masa magana. Don haka ta ce masa, “Ya ɗan fita.” Haladu ya ce to, zai sake kira in ya sami hali, yana da magana da shi. Tun daga ranar ba mu sake jin muryarsa ba.

Wanda bai san wannan ba zai yi mamakin yadda tsohuwa ta mayar da waya kamar jinjiri. A ɗaure take a bakin zaninta. Ko rijiya za ta, da ita take zuwa. Ranar da caji ya ƙare, ba ta cin abinci da daɗi sai an dawo da ita daga wurin mai caji da sola. Na sha kawo mata sabuwar waya ta ƙi, wai kada a ciro layin ya ji ciwo.

Sai doka ta zo cewa a haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa. Ba na cikin masu zagin dokar nan, kuma ba zan fara yau ba. Mu da ke maƙwabtaka da inda masu garkuwa da mutane ke cin karensu babu babbaka mun san abin da layin da ba a san mai shi ba ke iya yi. Na san gidan da aka kira da irin wannan layi, na ga yadda mutanen gidan suka koma. Rigakafi ya fi magani. Na ɗauki Gwaggo da kaina na kai ta aka yi mata lambar, muka latsa abin da aka ce a latsa, saƙo ya shigo cewa an karɓa. Muka yi hamdala muka koma harkokinmu.

Ashe an gudu ne ba a tsira ba. Daga baya aka ce za a tantance, a ga ko mai lambar shi ne mai layin. Na'ura ta duba ta ga lambar ta tsohuwa ce, layin kuma na wani saurayi mai ɗan gemu. Aka fara hana ta kira, sai dai a kira ta. Wannan bai dame ta ba, don dama ba kiran take yi ba, jira take. Ni ne hankalina ya tashi, don na san abin da ke biye.

Na je ofishin kamfanin layin. Yarinyar da ke kan tebur mai ladabi ce, ba zan ɗora mata laifi ba. Ta juyo min da allon, sai ga Sabitu yana kallona, da hularsa a karkace yadda ya saba. Rabon da in ga fuskarsa tun ranar da muka rufe shi. Ta ce abu mai sauƙi ne, mai layin ya zo da kansa ya dangwala yatsa. Na ce mai layin ya riga mu gidan gaskiya. Ta yi min ta'aziyya, ta ce to a kawo takardar shaidar rasuwa. Wa ke karɓar takarda a ƙauye? Mutum ya cika da hantsi, kafin rana ta yi sanyi an dawo daga maƙabarta. Inda ake ba da takardar suka ce in kawo ta asibiti, asibiti suka ce ba a hannunsu ya cika ba. Na yi rantsuwa a kotu na kawo, aka ce za a tura sama, babban ofishinsu, a jira amsa. Na yi ta sintiri tsakanin Gwiwa da Kazaure har masu acaɓa suka daina tambayata inda za ni.

Ana cikin haka wani ya ja ni gefe a bakin ofishin, ya ce akwai masu yi ta bayan fage, a sauya sunan mai layi ba tare da yatsan kowa ba. Na san hanyar. Ita ce dai wadda 'yan damfara ke bi su ƙwace layin mutum su kwashe masa asusu, kuma ni da bakina na sha yi wa iyayen yara gargaɗi a kanta. Ƙofar halal a rufe, ta haram a buɗe, gaba kura baya sayaki. Na kwana biyu ina juya abin, ina tambayar kaina me Sabitu zai yi. Wallahi ban sani ba. Mutum ne mai tsoron haram, amma kuma mutum ne da bai iya ganin hawayen uwarsa ba. Ban bi ta nan ba, kuma ba zan ce muku na tabbata na yi daidai ba.

Amsar sama ba ta zo ba har aka rufe layin gaba ɗaya. Layin matata da na sauran mutane duk an rufe, amma su sun yi tsaki sun sayi sabo, sun bi dangi da sabuwar lamba. Gwaggo wa za ta bi? Watanni suka shuɗe, ni kuma na maida shi al'ada in kira lambar ko da na san ba za ta shiga ba. Wata Juma'a sai ta shiga. Wani namiji ya ɗauka, da wata irin Hausa ta kasuwa. Direban tifa ne a can Kudu, ya sayi sabon layi a bakin titi, aka ba shi lambar Gwaggo. Haka tsarin yake, in layi ya daɗe a rufe sai a sake sayar da shi.

Mutumin kirki ne, ya saurare ni har na gama. Na tambaye shi ko wata lambar ƙasar waje ta taɓa kiransa. Ya ce e, an kira har sau biyu a kwanakin baya, da wata doguwar lamba. Bai ɗauka ba. Ya ce kullum ana faɗa a rediyo kada a ɗauki baƙuwar lambar waje, 'yan damfara ne, don haka ya goge ta. Me zan ce masa? Abin da aka ce ya yi shi ya yi. Wataƙila ma 'yan damfarar ne. Wannan “wataƙila” ita ke hana ni barci, don ba ni da hanyar da zan bi in san gaskiya.

Na roƙe shi ya sayar mana da layin, ya ce da yatsansa aka yi shi, kuma lambar na jikin motarsa, masu ba shi aiki sun riga sun san ta. Iyakar abin da ya yi alkawari shi ne in an sake kira zai ɗauka. Yanzu duk abin da ya rage tsakanin uwa da ɗanta yana aljihun wani bawan Allah da ba mu taɓa gani ba, wanda zai iya yar da wayar gobe ko ya gaji da mu.

Nakan zauna in auna abin da Sabitu ya bari. Rumfar ta tafi, janaretar an sayar da ita a gwangwan. Yaran da suka yi layi a bencinsa sun zama magidanta, wasu in mun haɗu sukan yi masa addu'a su ce shi ya fara kora su masallaci. Alherin da ya yi wa ƙauyuka da fuskarsa da yatsansa ya yi aiki shekaru, mata sun ji muryar 'ya'yansu, makiyaya sun ji farashin kasuwa, sannan ya juye ya zama kwaɗon da mabuɗinsa ke kabari. Ban ga laifinsa ba, ban kuma ga na dokar ba. Abin da na gani shi ne masu tsara ta sun ɗauka kowa shi ke zuwa da kansa, mu kuwa rayuwarmu duk a kan aike take. Ina kewarsa ƙwarai, kuma na fi kewarsa a ranakun da nake buƙatar wanda zai yi min dariya ya ce malam, boko bai yi maka rana ba.

Makon jiya na je Roni na zauna gaban Gwaggo na faɗa mata komai, har da kiran da ba a ɗauka ba. Ban ɓoye mata ko ɗaya ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Sannan ta ce in kira mata direban. Na kira a wayata na miƙa mata. Ta gaishe shi kamar wani babban baƙo, ta tambayi iyalinsa, ta sa masa albarka. Ya ce, “Mama, in yaron ya kira, me zan gaya masa?”

Na ɗauka sabuwar lambar da na yi mata za ta ce a ba Haladu, har na fara lalubo ta. Sai na ji ta ce, “Sabuwar lambar tana nan, mai wayar nan zai ba ka. Amma ka fara gaya masa yayansa ya rasu, shekara bakwai ke nan. Kada ka jira ya zauna, kada ka jira komai, layin na iya yankewa. Ka ce ni na ce a gaya masa.”