Rijiyarmu da Ciyawar Alhaji

Rijiyar gidanmu surukina ne ya haƙa ta, tun kafin a kawo ni gidan. Gida bakwai ke ɗiba a cikinta, kuma ban taɓa ganin ta ƙafe ba ko a tsakiyar bazara. Saboda masu ɗibar ruwa, ƙofarmu a buɗe take wuni.

A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, masu hali sun yi ta rige-rigen aikin lada. Wannan ya gina masallaci, wancan ya kafa famfo a bakin hanya don iyayensa da suka rasu. To da wani Alhaji ɗan garinmu, wanda ya daɗe yana aiki a Abuja, ya sayi gonakin bayan gidanmu a kan hanyar Sandamu, ya kawo motar haƙar burtsatse, babu wanda ya tambayi komai. Mahaifiyarsa ba ta cika shekara da rasuwa ba. Mun ɗauka sadaka yake yi mata. In ba haka ba, me mutum zai yi da burtsatse har uku?

Da muka ga an baje ƙasa ana dasa ciyawa, maigidana ya ce, "Kin ga mutumin kirki. Har dabbobinmu ya tuna da su."

Ranar da aka ta da inji, mu mata muka dama wa ma'aikata kunu, muka ɗauki jarkoki da bokitai muka nufi wurin. Maƙwabciyata, wadda bakinta ba ya hutawa, tana gaba tana rangaɗa guɗa. Ni har sabon mayafi na yafa. Mayafin nan har yau in na gan shi sai raina ya ɓaci.

Mai gadi, wani dattijo mutumin Zango, ya tare mu a ƙofar katangar da aka kewaye filin da ita, kansa a sunkuye.

"Iyayena, ku yi haƙuri. Ruwan nan ba na ɗiba ba ne."

"Na kallo ne, Baba?" in ji maƙwabciyata.

"Na ciyawa ne."

"To shanun wa za su ci ta?"

"Ba ci ake yi ba. Wasa ake yi a kanta."

Muka leƙa ta kafar ƙofa. Ashe bututai aka binne a ƙasa. Wasu ƙananan kawuna suka taso daga cikin ciyawar suna juyawa, suna fesa ruwa sama ya sauko kamar yayyafi, a tsakiyar rani. Muka ajiye musu kunun, don an riga an dama, muka juyo da jarkoki suna ƙara a kanmu.

Daga baya na ji sunan wasan golf. Manyan mutane ne da fararen takalma, suna bugun 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabuwa da sandar ƙarfe har ta faɗa rami. In ciyawar ta yi tsawo a aske ta da inji, a tara a ƙone, awakinmu kuwa suna cin leda a bola.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Allon da aka kafa a ƙofar filin shi ne rubutun farko da na karanta ni kaɗai ba wanda ya taya ni: an hana ɗibar ruwa. Sau uku na maimaita ko na yi kuskure. Ban yi ba.

A rani na biyu na ƙara wa guga igiya, na sake ƙarawa. Muka kira masu yasa, suka shiga suka ƙara zurfi, suka fito da yashi mai ɗan danshi. Ni ban san yadda ruwa ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa ba. Abin da na sani, kafin injin nan rijiya na ba mu ruwa, bayansa tana ba mu laka.

Ni ba mai hayaniya ba ce, 'ya'yana ma ba su san tsawata ba. Amma wata Juma'a da na ji Alhaji ya zo da baƙinsa, na jefa guga na jawo, na ɗauke shi yadda yake na je na tsaya a ƙofar.

"Alhaji, barka da zuwa. Rijiyar da kake tsayawa ka sha in an taso ku daga makaranta, ga abin da take bayarwa yanzu."

Ya leƙa gugan. "Subhanallahi! Inna, ai da aike kika yi. Matsalar, irin ciyawar nan daga waje aka kawo shi. Kwana biyu ba ruwa, ta mutu."

"Mu kwana nawa muke yi, Alhaji?"

Ya yi dariya, ya juya ga baƙinsa. "Iyayenmu na ƙauye akwai magana!" Su ma suka yi dariya.

Bayan mako biyu aka huda katanga aka fito da famfo ɗaya. Ba a sakin ruwansa sai ciyawa ta gama sha, wajen hantsi. Maza suka haɗu suka je godiya, har da maigidana. Ya ce in zo mu je tare, tunda maganata ce ta jawo. Na ce ƙafata na ciwo.

Rijiyar ba ta dawo ba. Muka rufe bakinta da kwano, muka danne da dutse don kada yara su faɗa. Yanzu kullum da hantsi ina bin layi a gindin katanga tare da matan da a da suke sallama a gidana, muna jin ƙarar feshi ta ciki, muna jira a gama ba ciyawa ruwa.