Injin da Delbert ya bar mini

Da safiyar Talata, tara ga watan Satumba, matarka Maxine ta kira ni ta ce, "Wendell, abokinka ya tafi." Haka na ji rasuwarka, Delbert Pruitt, bakaniken da ba a yi kamarsa ba a wannan yanki namu na Ohio. Shekararka tamanin da biyu, fiye da sittin a cikinsu muna tare.

An ce in rubuta alherinka, kuma ba zan rasa abin faɗa ba. Kai ka ja ni daga cikin wuta ranar da motata ta farko ta kife a ƙarshen filin tsere, tabon yana bayan hannunka har aka rufe ka. Lokacin da matata take jinya, duk Asabar sai ka zo ka yanke ciyawar gidana. In na yi godiya, ka ce injin yankan kake gwadawa. Ban manta ko ɗaya ba. Amma in na tsaya a nan na yi ƙarya, domin ka ci amanata, kuma sai da ka mutu na sani.

Maganar farar motarmu nake yi. Wani kamfani a Detroit ya ƙera irinta 'yan ƙalilan don tseren rubu'in mil kawai: ba kujerar baya, ba rediyo, gabanta duka alminiyam ne wanda ko jingina ka yi sai ya lotsa. Ni ke tuƙi, kai ke gyara. Dokarka ɗaya ce: "Inji nawa, sitiyari naka. Kar in ga hannunka a nawa." Da iyali suka yi yawa muka rabu da ita. Shekara goma sha shida da suka wuce muka gano ta a rumbun wani manomi, kaji na ƙwai a cikinta. Nan ka dafa bonet ka yi mini alkawari cewa in ta tashi ni zan kai ta layin tsere, sau ɗaya, kafin ƙasa ta rufe mu.

Na kankare tsatsa har farcena ya ƙare. Kowace bazara in tambaye ka, ka ce, "Kai dai tsoho, gaggawa ce ciwonka. Kafireto bai zauna ba tukuna." Wata shekara giya ce, wata shekara birki. Ina jira ganina yana raguwa, har bara likita ya hana ni tuƙi. Kai ka mai da ni gida ran nan, kana ce mini kada in damu.

A ƙungiyarmu ta tseren mota, in ɗayanmu ya rasu akan tayar masa da injinsa a ƙofar coci. Don haka ana gobe jana'iza na shiga garejinka da sabon batir. Na murɗa makulli, sai na ji inji yana juyawa sakayau kamar fanka. Na cire filogi, na zura sukudireba a raminsa, ta shige har ƙota ba ta taɓa komai ba. Duka ramukan takwas haka. Ka goge shi, ka fente shi, ka ɗaure kowane noti, amma babu fistan ko ɗaya a cikinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, Delbert.

Maxine ta kai ni ɗakin ajiyar abinci. Ga fistan ɗin nan duka bayan kwalaben tumatir, a naɗe cikin tsumma mai maiƙo.

Na ce, "Tun yaushe?"

"Tun shekarar da kuka gama fenti."

"Ni yake ji wa tsoro, ko motar?"

Ta zuba mini kofi ba ta dube ni ba. "Cewa ya yi ka tsufa, kuma irin madigadin motar na alminiyam babu shi a duniya yanzu. Wanne ya fara faɗa, ni dai na manta."

Ban yarda ta manta ba. Ko ma wanne ne, me ya hana ka faɗa mini a fuskata? Da mun yi faɗa, da na zage ka, da ƙila na nemi wani bakaniken tun ina gani. Rayuwata ce, kuma rabin motar nawa ne. Sai ka bar ni ina goge ƙarfen da ba zai taɓa numfashi ba, kana miƙo mini tsumma.

Da hannu muka turo motar ƙofar coci, mu tsofaffi huɗu. Aka fito da akwatinka, tana tsaye fes, shiru.

Allah ya jiƙanka, Delbert, ya dubi tabon hannunka ya sassauta maka. Ga Maxine, da 'yarku Renee da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri, ya cike muku gurbinsa da alheri. Ina roƙon Allah ya yafe maka tun yau. Tawa yafiyar kuwa sai ka ɗan jira, ba ta zauna ba tukuna.