Ranar Da Kawu Nomau Ya Tsallaka Harobanda

Duk wanda ya san kawuna Nomau, telan nan na unguwar Maure, ya san baƙo ba ya sauka gidansa ya huta. Kafin ka gama shan ruwan baƙunta ya ɗora hula, ya rataya metir ɗinsa na awon tufafi a wuya, ya ce, "Tashi mu tahi ka ga Yamai." Kuma da ƙafa! In ka yi zancen taksi sai ya harare ka. "Mai shiga taksi bai ga gari ba," in ji shi, "ƙeyar shofer ya gani." Kuna dariya don kun tuna, na san akwai waɗanda har yau ƙafarsu ba ta yafe masa ba.

Yawon da ba na mantawa shi ne na Inna, mahaifiyata, wato yayarsa da ta goya shi. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ni kuwa ina shofer ɗin kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Dogondutsi da Yamai. Kakanmu ya rasu, gida ba babba namiji, dangi suka ce Nomau ya dawo ya riƙe gida da gona. Aike uku aka yi masa, ya yi kunnen uwar shegu. Ranar wata Juma'a Inna ta hau motata ta zo da kanta.

Ko zama ba ta gama yi ba ta ce, "Nomau, Litinin da sahe motar Isuhu za ta koma. Ka ɗaure kekenka na ɗinki."

Kawu ya iya gardama da kowa, har da liman, amma ban da Inna. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, ki ba ni Asabar da Lahadi in nuna miki garin. In kin gani kin ce bai yi ba, da hannuna zan ɗora keken."

"Na ba ka," in ji ta. "Ai ido ba ya ƙin kallo."

Asabar da sassafe muka faɗa ƙaramar kasuwa. Ya tsaya gaban mai burodin nan dogo irin na Nasara, ya zare metir, ya auna guda huɗu ɗaya bayan ɗaya, mai burodi yana ta tsaki. Ya zaɓi wanda ya fi da yatsa biyu, ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ta juya shi, ta ƙwanƙwasa, ta gutsura.

"Ɓawo a waje, iska a ciki," ta ce. "Halin mutanen birni ke nan."

Aka kawo fari masa, fanken Zabarmawa, da zafinta, ta ci shida ta ce mai ya yi yawa. Aka kawo kopto, kwaɗon zogalen Zabarmawa, ta share kwano ta ce akuyarta ma shi take ci. Daga nan sai kasuwar Katako wurin masu kilishi. Can kuwa an san shi, domin Kawu bai taɓa sayen kilishi ba, ɗanɗano yake yi daga faifai zuwa faifai har ya ƙoshi. Suna hango hularsa wani ya yi shela, "Ga Nomau nan, a ruhe!"

"Haba jama'a! Yayata ce daga Dutsi, a bari ta ɗanɗana!"

Suka ba ta don girmanta. Tana tauna ta dube shi ta ce, "Ashe shekara goma sha biyar bara kake a birni."

Da yamma ya kai mu mize, inda ake ajiye namun daji da kayan gargajiya. Tun a hanya yake kirarin zakin wurin, wai in ya yi ruri har ƙetaren kogi ake ji. Muka tarar da zaki ya miƙe ƙafafu yana sharar barci, ƙudaje na yawo a hancinsa. Kawu ya tafa, ya yi gyaran murya, ya buga takalmi. Ko wutsiya bai motsa ba.

"Kai, tashi mana! Yau za ka ba ni kunya gaban Yaya?"

Mai gadin wurin ya zo ya kore mu gaba. Gaban kuwa bukkoki ne da rumbuna da aka gina don a nuna wa baƙi yadda mutanen karkara ke zama. Inna ta leƙa ciki, ta ga turmi da tukunya da tabarma, ta riƙe haɓa.

"Nomau, wuni guda na yi bisa buhunnan gero don ka nuna min ɗakin da na baro gida?"

Ranar bai ci tuwon magariba ba. Na gan shi shi kaɗai yana shafa wa kekensa mai. Wallahi ya ba ni tausayi. Mutumin nan da riga ɗaya ya shigo garin, kuma yana son sa fiye da waɗanda aka binne cibiyarsu a ciki.

Lahadi da hantsi ya fito da makaminsa na ƙarshe, kogi. Ya tsayar da mu a kan tudu kamar yadda yake yi wa kowane baƙo. Mata na wanki, jirage na kai da kawo, ruwa shimfiɗe har ido ya gaji. A nan kam Inna ta saki baki tana kallo. Kawu ya ga alamar nasara, sai bakinsa ya kwance.

"Kin ga can ƙetare? Harobanda ke nan. Kihin da ake soyawa can, in kin ci sai kin mance hanyar Dutsi!"

"To, mu tahi mu ci."

Jama'a, sai ga Kawu ya zama kurma. Lokacin babu gada, sai jirgi. Abin da ban sani ba sai ranar shi ne, duk shekarun da ya yi yana tallan kifin Harobanda, bai taɓa tsallakawa ba. Yana ƙarami ya faɗa tabki, Inna ce ta tsamo shi, tun daga nan ko rijiya ba ya leƙawa. Ita kuwa ba ta manta ba.

"Yaya, yau ruwan ya cika da yawa."

"Mu tahi."

"An ce an ga dorina jiya."

Ta riga ta tattare zani ta shiga jirgi. "Ko ka shigo, ko mu koma ka ɗaure keke."

Ya dubi ruwa, ya waiwaya ya dubi gari. Ya cire takalmi da hula ya danƙa mini. "Isuhu, in na nutse, rigar Alhaji mai goro saura hannu guda. Ka ce ya yi haƙuri."

Bai zauna a kan katako ba, can ƙasan jirgi ya zube, ya runtse ido, ya damƙe gefen zanin Inna, ya kama karatu. Surar da ya sani da wadda bai sani ba duk ya jawo. Mai jirgi, wani dattijo Bazabarme, ya ce masa, "Kala suuru, baba," wato sai haƙuri.

"Kai dai tuƙa! Wa ya ce ka yi min hira?"

Ni dariya har da riƙe ciki. Da muka kai tsakiya na juya in ga ko Inna na dariya, sai na ga ta ɗora hannu a kansa, tana shafawa a hankali.

A ƙetare muka zauna ƙarƙashin mangwaro, wata mata ta kawo giwan ruwa soyayye da yaji. Kawu ya kai loma ɗaya baki. Ya tsaya. Ya zaro ido.

"La ilaha illallahu! Ashe da gaske yana da daɗi!"

Nan Inna ta fashe da dariya har da hawaye. Da ta share ido ta ce, "Nomau, burodinka iska ne, zakinka rago ne. Amma garin da ya sa ka shiga ruwa, ba ni ce zan raba ka da shi ba. Zamna abinka." Sai ta juyo kaina. "Gida kuwa, ga Isuhu nan. Ya isa yawon mota."

Kun ji yadda aka yi. Shi ya ci kifi, ƙaya ni ta maƙale wa. Shekarun da na yi ina noma a Dutsi, wannan lomar ce sanadi, kuma ban taɓa yin da-na-sani ba. Kawu ya kama hannun Inna yana kuka kamar yaro, sannan ya ɗago kai ya dubi kogi ya ce, "Yaya, to yanzu ta ina za mu koma?"

A Yamai ya tsufa, a Yamai muka binne shi. Ina kewarsa ƙwarai. Ya Allah, bawanka Nomau matsoracin tsallaka ne, Kai ne Ka fi kowa sani. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa. Ranar da zai hau Siraɗi, Ka riƙe hannunsa har ya ƙetare. Amin.