Sumba Ta Uku

Rubuta wannan, jikalle, kafin in manta.

A ƙofar tsohon gidan nan na Madrid, masaukin baƙi daga ƙasar Filandas tun zamanin kakanni, inda mutanensu da namu suke haɗuwa har yau, wata tsohuwa 'yar Filandas tana tsaye. Doguwa ce, kai fari fat, tana sanye da rigar ruwa alhali rana ta ƙwalle. Ta ƙanƙame jaka da hannu biyu. Zobe biyu ne a yatsa ɗaya, ina jin mijin ya rasu.

Remedios mai tarbar baƙi ta sumbace ta dama da hagu, yadda muke yi, ta juya. Tsohuwar ta miƙo kunci karo na uku, don a garinsu uku ake yi, ta tarar ba kowa. Kunya ta kama ta, ta fara neman hanyar fita.

Remedios ta waiwayo. "Iya, ina zuwa? Ku dai biyu ba ta isarku." Ta yi ɗage, ta ba ta ta ukun.

"Shekara tara ba wanda ya cika min, 'yar nan," in ji tsohuwar.

Ta saki jakar da hannu ɗaya, ta kama na Remedios, suka shiga.