Ɗaya Labbon

Shekara talatin da ɗoriya, idan mutum ko jaki ya faɗa rijiya a lambunan Badaguishiri, suna ɗaya ake kira: Labbo. Gajere ne, siriri, a bakin rijiya ya tashi, don haƙarta ce sana'ar ubansa. Bai tara komai a duniya ba sai wannan suna, kuma yana ji da shi.

Sai ƙungiyar manoman albasa ta sayo mutum-mutumin ƙarfe mai aikin ceto. Abin ba ya son mutane ko kaɗan. A bayan rumbun albasa yake yini, fuska ga bango. Ka gaishe shi ya ce, "Lahiyata lau kahin ka zo." Amma da an yi ihu zai tashi yana tsaki, ya je ya fiddo mutum.

Aka sa masa Labbon Ƙarfe. Tun ana faɗin ƙarfen har aka gaji aka yar, ya zama Labbo kawai, mai sunan kuwa ya koma "ɗaya Labbon". Kishi ya hana bawan Allah sakat. Ko hanyar rumbun ya daina bi.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Mas'udu mai tumatir ya zame cikin tsohuwar rijiya mai ƙaramin baki. Ƙarfen ya zo, ya leƙa, kafaɗunsa suka ƙi shiga.

"Ku kira mini tsohon nan da ka hararata," in ji shi. "Shi ba ya da jiki, sai haushi."

Labbo ya ɗaura igiya a ƙugu, ƙarfen ya riƙe ɗaya bakin. Tsohon ya sauka, ya sha laka, ya goge gwiwa, ya fito da Mas'udu da ransa. Yana haki a ƙasa ya ji mata na guɗa: "Labbo ya hidda shi!" Zuciyarsa ta yi fari. Ya ɗaga kai, sai ya ga duk ƙeya suka ba shi, ƙarfen suka kewaye.

"Ku raba ni da hayaniya," in ji ƙarfen. "Igiya kaɗai na riƙa. Ga mai aikin can kwance."

Wata tsohuwa ta dafa ƙirji. "Kun ji ko? Labbo ko yabo ba ya so!" Sannan ta waiwayo. "Kai ma sannu, ɗaya Labbon."