Wayar Ɗakin Baya

Mu tagwaye ne, ni mace shi namiji, kuma a gidanmu da ke kwatas ɗin reluwe a Kafanchan ba a ba ɗaya abu a hana ɗaya. Mama ta ce in aka bambanta tagwaye, ɗaya zai yi fushi ya koma inda ya fito. Ba ta fashin sujada, amma wannan maganar ko fasto bai isa ya cire mata ita ba. Shi ya sa da kawunmu soja ya dawo daga Laberiya da tsarabar gem na hannu, biyu ya kawo, iri ɗaya sak, kowanne da kaset ɗin wasan nan da bulo ke faɗowa daga sama kana jera su. Muna da shekara goma sha bakwai.

A fuskar gem ɗin akwai inda ake zaɓar wasan mutum biyu, amma in ka danna ba ya motsi. A gefe kuma akwai wata 'yar kafa mai haƙoran ƙarfe shida, uku sama uku ƙasa. Kawu ya ce akwai wayar da ake haɗa su da ita, shi dai bai saya ba. Ba mu damu ba, tunda kafaɗa da kafaɗa muke zama muna gasa, kuma kullum ɗan'uwan nawa ke cinye ni.

Da damina tarin fuka ya kama shi. Aka mai da shi ɗakin baya, aka ware masa kofi da cokali, aka ce Mama kaɗai za ta riƙa shiga. Tunda aka haife mu ba a taɓa sa bango tsakaninmu ba. Ina tsayawa bakin tagarsa mu yi hira, amma magana biyu sai tari ya sarƙe shi.

Wata rana ya ce, "Ke, da akwai wayar nan da na ci gaba da lallasa ki daga kan gado."

Na ce, "Ji min ƙanen nan! Bari in haɗa ta, ka ga ruwa."

Na riga shi fitowa duniya, abin da bai taɓa yarda ba ke nan.

Baba ma'aikacin sigina ne, shi ke gyaran tarhon da tasha ke kiran tasha da shi. Na saci mitarsa ta gwajin lantarki da wani tsohon kan tarho da ragowar waya daga akwatinsa, ban gaya masa ba, don na san zai ce ba aikin mace ba ne. Da mita na gano haƙorin da ke haɗe da ƙasan batir. Sauran kuwa da kunne na bi su: in sa allura a haƙori, in kara kan tarho a kunnena, in danna wasan mutum biyu. Ɗaya ya yi "kirrr" kamar gyare, na ce wannan ne ke ba da lokaci. Wani ya yi ƙara daban, na ce wannan baki ne. Wani kuma shiru, ko ƙis, na ce wannan kunne ne. Na yanka tsohon silifas daidai kafar, na soke allurai a ciki, na yi filogi biyu.

Sai na haɗa su yadda aka rene ni: na ɗaya da na ɗaya, na biyu da na biyu, kowa da irin nasa. Wallahi ko a mafarki ban kawo wata hanya ba. Kayan tagwaye ne fa. Na danna, shiru. Na sake filogi, na kankare allurai, na sayi sabon batir, na zagi gem ɗin har da wanda ya ƙera shi. Mako uku ina wannan haukan, shi kuwa muryarsa tana ƙara yin ƙasa ta taga.

"An gama, injiniya?"

"Saura kaɗan. Kai dai ka sha maganinka."

Ranar wata Asabar Baba ya kama ni da mitarsa a bayan kicin. Na shirya shan faɗa, sai ya tsuguna ya dubi zanen da na yi a bangon littafi. Bai fi minti ɗaya ba ya ce, "Ke, baki kika haɗa da baki, kunne da kunne. In tashar Kafanchan ta yi magana, ai kunnen tashar Kagoro take shiga. Juya waɗannan biyun."

Shi ke nan fa, waya biyu. Abin da zan tambaya tun ranar farko, taurin kai ya hana ni. Har yau in na tuna mako ukun nan sai in ji kamar in mari kaina.

Na juya su, Baba ya ƙara mini tsawon wayar. Da hantsi Mama ta shiga da filogi ɗaya ta sa masa, wayar ta biyo ta taga, na zauna kan turmi a gindin bangon. Na danna, sai ga wasan ya buɗe. Na yi ihun da kajin maƙwabta suka watse. Daga ciki na ji dariyarsa, tari ya biyo baya. Mama ta tafi dama masa kunu.

A wasan ba ka ganin filin abokin karawarka. Wani ɗan layi ne a gefe ke nuna maka yadda bulonsa ya taru, in ya kai sama ya faɗi. Karon farko ya cinye ni tas, kamar kullum.

"Yaya ke nan," ya ce. Ranar ce kaɗai ya taɓa kira na haka, ko da yake tsiya ce.

Na sake dannawa, tunda daga wajena ake farawa. Na biyu mun ja, na ci da ƙyar. Na uku layinsa ya hau sama tsaye, ban ko yi gumi ba. Na huɗu ma haka. Ina buga bango ina cewa, "Rago! Ina bakin? Yau ka san yayarka!" Na lura tarin ya tsaya, na ce a raina ya mai da hankali ne, haushi ya hana shi magana. Ina cikin na biyar Mama ta wuce ni da kofin kunu ta shiga. Sai na ji kofin ya faɗi.

An binne shi da gem ɗinsa, Mama ta ce nasa ne. Nawa yana cikin akwati, wayar naɗe a jikinsa, filogi ɗaya yana reto. Na yi aure, na haifi yara, ba wanda na bari ya kunna shi.

Mutane suna cewa in gode wa Ubangiji, na samu mun yi wasa kafin ya tafi. Ina godiya. Amma karo na biyun nan ne ya hana ni sakat. Na uku da na huɗu na san da wa na yi, ba kowa. Na biyu kuwa mun ja sosai, na ga layinsa yana hawa yana sauka, sai can ƙarshe ya miƙe. Shekaru ke nan ina juya shi a raina, ban san ko cinye shi na yi ba, ko a nan ne ya cika.