Wakilin Aji Ya Manta Da Mutum Ɗaya

Rafat Shahhat ɗan garin Damanhur ne a ƙasar Masar, yana ajin ƙarshe a karatun injiniya, kuma shi ne wakilin ɗalibai ɗari huɗu. Bai nemi muƙamin ba. Ranar zaɓe ya fita amsa waya, ya dawo ya tarar ana tafa masa.

Daga asuba zuwa ƙarfe tara yana wurin kawunsa Sobhi a bakin tashar jirgin ƙasa, suna sayar da dafaffen wake da burodi. Ludayi a hannu, waya maƙale a kafaɗa.

"Ranka ya daɗe injiniya," in ji Kawu Sobhi, "bawan Allahn nan barkono ya ce, ba jadawali ba."

Jadawalin jarrabawa shi ne babban aikin wakili. Ofis ya fitar da na gwaji, ɗalibai su yi ta kuka, wakili ya kwashi kukan ya kai. Wanda kuma ya faɗi wani darasi bara, in ya ga zai yi karo da na bana, sai ya ba wakili sunansa kafin ranar rufewa, a ware masa lokaci. Rafat ya iya aikin nan, wallahi. Ya sa aka ɗage jarrabawar lissafi daga Litinin zuwa Talata, saboda jirgin 'yan ƙauye ba ya isowa da wuri ran Litinin, ranar kasuwa ce. Sau uku yana shelar ranar rufewa, ta ukun har da zagi. Sunaye talatin da bakwai ya kai ofis, babu kuskure ko ɗaya.

Shi ma fa akwai darasin bara a wuyansa, na aikin ruwa. In bai ci shi ba, babu kammalawa bana. Mahaifiyarsa kuwa tuni ta sayi firam mai ruwan zinare na sa takardar digiri, har ta sa an buga ƙusa a falo.

Ana saura kwana biyu jarrabawar, yana wanke tukunya, ya ce bari ya duba nasa. Aikin ruwa: Talata, ƙarfe goma. Lissafi: Talata, ƙarfe goma. Kuma da hannunsa ya kai lissafin can!

Ya ruga ofis. Madam Afaf magatakarda tana tsinke ganyen lalo a kan wani tsohon fayil.

"An rufe tun Alhamis, ɗana."

"Haba Madam, ni ne fa."

"Na san kai ne. Wa ya kamata ya kawo sunanka?"

"Wakilin aji."

"To je ka kama shi."

"In aka mayar da lissafin Litinin fa?"

"Sai 'yan ƙauyenka su kwana a tasha. In rubuta?"

Ya tsaya. Ya san su ɗaya bayan ɗaya, har da wadda ke zuwa da goyo. Ya ce ta bar shi. A matakala ya zauna ya yi kuka sosai, wayarsa na ta ruri a aljihu. Wani ne ke tambayar ko an yarda a shiga ɗakin jarrabawa da ruwan sha.

Ran Talata ya rubuta lissafi, ya ci. Abokansa suka kammala, shi ya kama musu riguna wajen ɗaukar hoto.

Da aka dawo hutu, sabon aji suka zaɓe shi wakili, wai ya san kan aiki. Wannan karon yana cikin ajin, bai ce a'a ba.

Mahaifiyarsa ba ta taɓa yi masa maganar ba. Firam ɗin yana bayan kabad, duk Juma'a takan fito da shi ta goge. A ƙusar, ta rataya kalanda.